Mudun Lokaci: Abin Da Ya Sa Alƙaluman Agogon Atom Suke Saɓawa

Duk wanda ya yi nisa a karatun fiziks ya taɓa cin karo da wannan doguwar lamba: 9,192,631,770. Ita ce adadin kaɗawar igiyar maikurowef da ƙwayar zarrar siziyom take amsawa, wadda idan an ƙirga ta ta cika, sai a ce daƙiƙa ɗaya, wato sakan guda, ta wuce. Ɗalibi yakan haddace ta kamar lambar wayar gidansu, hankalinsa kwance. Ranar da zai buɗe mujallar Nature ta shekarar 1955, inda mutanen da suka fara ƙera agogon suka ba da rahoto, sai ya tarar da 9,192,631,830. Idan ya juya kan rubidiyom, abin ya fi haka ruɗani: wani littafi ya ce 6,834,682,608, wani ya ƙare da 611, wani da 614, takardar bayanin wata na'ura kuma ta kawo 6,834,687,500. Haidurojin ma bai tsira ba: bayan 1,420,405,751 da ɗigo, wani ya rubuta 800, wani 768, wani 7667.

Tambayar da za ta zo wa mai hankali a fili take. An ce darajar agogon atom ita ce ƙwayoyin zarra iri ɗaya ba su da bambanci, ta Tokyo da ta Faris duk hali guda. To wane ne ya yi kuskure a cikin waɗannan masana?

Yawancinsu ba su yi ba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowace lamba a cikin waɗannan tana da dalilinta. Abin da ya haddasa ruɗanin shi ne an jera lambobin da ba jinsinsu ɗaya ba a wuri guda. Wanda ya saba sayen hatsi ya san cewa kalmar “mudu goma” ba ta gama magana ba. Mudun wace kasuwa? An yi masa tsororuwa ko an shafe bakinsa? Mai awo ya tara hannu a gefen kwano ko bai tara ba? Haka lamarin yake a nan, sai dai akwai wani ƙarin sirri: ɗaya daga cikin lambobin nan ba hatsin da aka auna ba ne, ita ce mudun da kanta.

A watan Yuni na 1955, a ɗakin gwajin ƙasa na Ingila da ke Teddington kusa da Landan, Louis Essen da Jack Parry suka tayar da agogon siziyom na farko mai aiki sosai. Suna dumama siziyom a ƙaramar tanda, ƙwayoyinsa su fito a jere su ratsa bututun da aka zuƙe wa iska, a buga musu maikurowef. Idan kaɗawar igiyar ta yi daidai da abin da ƙwayar take so, sai ta sauya hali, na'ura ta gane. Saura a ƙirga kaɗawa nawa ke cikin daƙiƙa ɗaya. Amma wace daƙiƙa? A lokacin, daƙiƙar da ke hannunsu ita ce wadda masu duban taurari na Greenwich suke fitarwa daga juyawar duniya: a raba yini gida 86,400, a ɗauki ɗaya. Da ita suka auna, suka sami 830 a ƙarshen lambar, tare da shaidar cewa za ta iya yin sama ko ƙasa da 10.

Matsalar ita ce duniya ba ta juyawa da sauri ɗaya. Jan da wata yake yi wa teku yana rage mata gudu a hankali, iskoki da narkakken ƙarfen da ke cikinta kuma suna sa ta yi sauri yau ta yi nawa gobe. Masu ilimin taurari sun riga sun gane haka, shi ya sa suka ƙirƙiro wata daƙiƙar da ba ta dogara da yini ba, sai da shekara: kashi ɗaya cikin 31,556,925.9747 na shekarar rana ta 1900. Kwamitin awo na duniya ya amince da ita a 1956. A takarda ta yi kyau. A aikace, wa zai koma 1900 ya auno shekara? Hanyar da ta rage ita ce a bi tafiyar wata a tsakanin taurari, a karanta shi kamar hannun agogo.

Wannan aikin ya faɗo wa William Markowitz na cibiyar duban taurari ta sojan ruwan Amurka da ke Washintan. Ɗaukar hoton wata tare da taurari ba abu ne mai sauƙi ba: wata ya cika haske, yana dushe taurarin da ke kusa da shi, kuma yana tafiya da saurinsa daban da nasu. Markowitz ya ƙera kyamara mai gudu biyu. Farantin hoto yana bin taurari, a tsakiya kuma akwai wani baƙin gilashi da yake rage hasken wata, yana karkata sannu a hankali don ya riƙe siffar watan a wuri ɗaya har a gama ɗauka. Kusan shekara uku yana tara hotuna, Essen yana ƙirga kaɗawar siziyom a ɗaya gefen Tekun Atlantika, siginar lokaci ta rediyo tana haɗa su. A 1958 suka buga sakamako tare da R. G. Hall da Parry: 9,192,631,770, sama ko ƙasa da 20.

Siziyom bai canza ba tsakanin 1955 da 1958. Mudu aka canza. Daƙiƙar juyawar duniya ta ɗan fi ta taurari tsawo, don haka ta ɗauki ƙarin kaɗawa 60. Idan aka tara wannan bambanci na yini guda, bai wuce rabin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa da ɗan ɗoriya ba.

Sai kuma babban juyi. A watan Oktoba na 1967, babban taron awo da ma'auni na duniya karo na 13 ya zauna a Faris ya yanke cewa daga yanzu daƙiƙa ita ce tsawon kaɗawa 9,192,631,770 na siziyom-133. Aka goge “sama ko ƙasa da 20”. Ba don an ƙara auna ta aka tabbatar ba, a'a, don an mayar da ita hukunci ne. Tun daga ranar ba wanda zai iya auna siziyom ya fito da wata lamba ya ce ya gyara ta. Idan na'urarka ta nuna 771, na'urarka ce take da magana, ko kuma akwai abin da yake damun ƙwayoyin da ke cikinta. Sifirin da ke ƙarshen lambar ma shaida ce ta asalinta: awon 1958 bai kai ga tantance wannan gurbi ba, sai aka bar shi a sifiri, ya zauna haka har yau.

Ina ganin a nan ne littattafan makaranta suka fi yi wa ɗalibai ƙwauro. Sukan jera lambar siziyom da ta rubidiyom da ta haidurojin a jadawali ɗaya, ba shekara, ba iyakar shakka, kamar duk daga tushe ɗaya suka fito. Lambar awo da aka cire wa iyakar shakkarta ta zama rabin zance. Yaron da aka koya wa haka zai ɗauka cewa kimiyya tarin lambobi ce da ake saukewa, ranar da ya ga biyu sun saɓa kuma sai ya fara zargin duka ginin.

Hukuncin 1967 ya zo da bashi. Daƙiƙar taurarin da aka kwafa an gina ta ne a kan jadawalin rana na Simon Newcomb na 1895, shi kuma ya dogara da duban da aka yi tsakanin 1750 da 1892. Ke nan daƙiƙarmu ta yau ta dace da tsawon yini na wajajen 1820, ba na zamaninmu ba. A shekarun 1960 hukumomin lokaci sun yi ƙoƙarin rufe wannan giɓi ta hanyar miƙa daƙiƙar da ake watsawa a rediyo kamar roba: a wasu shekaru a rage saurin agogo da kashi 130 cikin biliyan goma, a wasu da 150, daga 1966 zuwa 1971 kuma da 300. A waɗannan shekaru na ƙarshe, daƙiƙar da jama'a suke saita agogo da ita tana ɗauke da kaɗawa kusan 9,192,632,046. Wanda ya ci karo da irin wannan lamba a tsohuwar takardar injiniya, ga inda ta samo asali. Daga 1972 aka daina miƙa daƙiƙa, aka koma cusa guda cikakkiya idan buƙata ta taso. An cusa 27 zuwa yanzu. Ta ƙarshe ta faɗo a daren 31 ga Disamba 2016 a agogon duniya, wanda a Kano da Zinder ya yi daidai da ƙarfe 12:59 da daƙiƙa 60 na daren 1 ga Janairu 2017. A 2022 babban taron awo ya yanke shawarar kawo ƙarshen wannan tsari nan da 2035. Duniya kuwa a 'yan shekarun nan sauri ta ƙara: ranar 29 ga Yuni 2022 ta gaza cika daƙiƙa 86,400 da kashi 1.59 cikin dubu na daƙiƙa. Da a ranar Essen ya yi awonsa da mudun juyawar duniya, da lambarsa ta ƙare da kusan 600.

Ko a ɗakin gwaji mafi tsari, ƙwayar da ke cikin na'ura ba ta kaɗawa a kan 770 cif. Ma'anar daƙiƙa tana nufin ƙwayar da ba abin da ya taɓa ta, irin wannan kuwa babu ita a doron ƙasa. Maganaɗisu yana ɗaga kaɗawar: na duniya kaɗai, idan ba a kare shi ba, zai iya ƙara gomomin kaɗawa, a wasu yankuna har ɗari, wanda ya zarce duk tazarar da ke tsakanin 830 da 770. Shi ya sa ake naɗe bututun da rufin ƙarfe mai tare maganaɗisu, sannan a saka wani ɗan ƙarami da gangan a ciki don a ware layin da ake so daga 'yan uwansa. Wannan ɗan ƙaramin yana ƙara kusan kaɗawa biyu a agogon siziyom na kasuwa, kuma injiniya ya san da shi, yana cire shi a lissafi. Zafin bangon na'ura ma yana da tasiri, kusan kashi 2 cikin tiriliyan ɗari a ɗumin ɗaki, abin da ya sa a 1997 aka ƙara bayani cewa ana nufin ƙwayar da take a tsaye, a sanyin da babu sauran zafi ko kaɗan. Sai tudu. Kamar yadda nazarin Einstein ya nuna, agogon da ke sama ya fi na ƙasa sauri, kusan kashi ɗaya cikin biliyan miliyan goma a kowace mita. Ɗakin gwajin Amurka da ke Bolda a jihar Kolorado yana kan tudun da ya haura mita 1,600, don haka kafin a kwatanta agogonsa da na Faris dole a sauko da shi bakin teku a lissafi. A 2010 masanan wurin sun ga wannan bambanci bayan sun ɗaga agogo ɗaya da santimita 33 kacal.

Labarin haidurojin gajere ne, amma ina son sa. Norman Ramsey da Daniel Kleppner da abokin aikinsu suka fara tayar da agogon haidurojin a Harvard a 1960. Ana tura ƙwayoyin cikin wata kwalba mai siffar ƙwarya, a bar su suna yawo na kusan daƙiƙa guda, suna karo da bango sau dubbai. An shafe cikin kwalbar da Teflon, irin abin da ake shafa wa kaskon suya don kada abinci ya kama, saboda karon ya zama mai laushi. Duk da haka kowane karo yana ɗan karkatar da kaɗawar, kuma yawan karkatar ya danganta da girman kwalba, da zafinta, da yadda shafen ya kwanta. Dabarar da aka yi ita ce a auna da kwalabe masu girma daban-daban, a bi layin sakamakon har zuwa kwalbar da ba ta da bango. Awon Harvard na 1963 ya ba da ɗigo 800, da shakkar 28. Wani awon na 1970 ya ba da 768. Na Essen da mutanensa a 1971 ya ba da 7667. Iyakokin shakkar biyun ƙarshe sun haɗu, na farkon ma bai yi nisa da tasa iyakar ba. Wannan ba saɓani ba ne, hannu ne yake ƙara faɗawa.

Rubidiyom ne ya fi kusa da rayuwar mutane, domin shi ne agogon atom mai araha, wanda ake sakawa a cibiyoyin sadarwa da tashoshin watsa shirye-shirye da taurarin ɗan adam. Wanda ya taɓa buɗe ɗaya zai yi mamakin ƙanƙantarsa: akwati ne da zai zauna a tafin hannu biyu, a ciki akwai ƙaramar fitila mai haske ja-ja mai sirkin shuɗi, da kwalbar gilashi da ba ta fi babban yatsa ba. A cikin kwalbar ba rubidiyom ne kaɗai ba, an cusa wata iska, galibi naitirojin ko haɗinsa da agon, don ta hana ƙwayoyin rugawa su bugi bango. Wannan iska tana ɗaga kaɗawar da dubbai, gwargwadon yawan da aka cusa. Masu ƙera na'ura sai suka mayar da matsalar riba. A wani sanannen tsari, ana ninka megahaz 60, wato kaɗawa miliyan 60 a daƙiƙa, sau 114 a sami 6,840, a cire 5.3125, a sauka a kan 6,834.6875. Lamba ce mai sauƙin haɗawa da kayan lantarki. Sai a cika kwalbar da iska daidai yadda ƙwayoyin za su amsa a kusa da wurin, a ƙarasa saitin da ɗan maganaɗisu. Ke nan 6,834,687,500 ba awon halittar rubidiyom ba ce, zaɓin injiniya ce, ta fi ta ainihi da kusan 4,900. Saboda haka ne irin wannan agogo ba ya tsayawa da ƙafarsa: iskar tana canzawa da tsufa, dole lokaci-lokaci a gwada shi da siziyom ko da siginar GPS.

Lambobin 608 da 614 kuwa tsofaffin awo ne da littattafai suka yi ta gada daga juna. Da aka fara sanyaya ƙwayoyi da hasken leza ana cilla su sama kamar ruwan famfo a cibiyar duban taurari ta Faris, sai awon ya tsaya a kan 6,834,682,610.904, wanda masu taƙaitawa suke rubutawa 611. Ko a bayan wannan ɗigo gyara bai ƙare ba: shawarar farko ta kwamitin duniya ta ci gaba da 324 bayan 904, daga baya aka mayar da ita 312.

Taurarin GPS ma suna da nasu. Tsarin ya ginu a kan megahaz 10.23, amma kafin a harba su ana saita agogonsu a kan 10.22999999543, domin a nisan kilomita 20,200 agogo yana riga na ƙasa da kashi 38 cikin miliyan na daƙiƙa kowace rana. Duka lambobin biyu gaskiya ne, ɗaya ta mai kallo daga ƙasa, ɗaya ta abin da aka saita.

Inda aka yi saɓani na haƙiƙa, wanda ba mudu ko zaɓin injiniya ya kawo shi ba, shi ne a kan sitironshiyom. Wannan sabon jinsin agogo ne mai aiki da hasken da ido ke gani, jan haske mai kaɗawa sama da tiriliyan 429 a daƙiƙa. Hidetoshi Katori na Jami'ar Tokyo ne ya kawo dabarar tsare ƙwayoyin a cikin ragar haske, kamar ƙwai a cikin kiret. A 2005 shi da mutanensa suka buga 429,228,004,229,952, da shakkar 15. A 2006 ƙungiyar Jun Ye ta Bolda ta buga lambar da ta ƙare da 869, da shakkar 19. Tazarar ta haura 80, ta fi ƙarfin iyakokin shakkar su biyun. Wani ya yi kuskure ke nan. Faris ta auna ta sami 879, da shakkar 5. Tokyo ba ta tsaya kare lambarta ba, ta sake aikin da ingantacciyar hanyar haɗa na'urarta da lokacin duniya, ta fito da 875, da shakkar 4. Cikin shekara guda da 'yan watanni magana ta mutu. Abin da ya burge ni a nan shi ne, ba don kowane ɓangare ya rubuta iyakar shakkarsa a fili ba, da ba wanda zai san akwai abin gyara. Kuma a lura da girman abin da ake jayayya a kai: kaɗawa 80 a cikin tiriliyan 429 ta fi kaɗawa 60 ɗin Essen ƙanƙanta sau dubu talatin da wani abu.

Tun daga nan lambar da ofishin awo na duniya da ke Sebur kusa da Faris yake bugawa take ta matsawa kaɗan-kaɗan: 873.2 a 2015, 873.0 a 2017, 872.99 a 2021. Amma yanzu an zo wani wuri mai wuyar sha'ani. Agogunan haske mafi kyau sun fi siziyom mafi kyau daidaito kusan sau ɗari. Idan aka gwada biyu daga cikinsu da juna, sukan yarda har gurbi na 18. Da zarar an ce a faɗi sakamakon da daƙiƙa, dole a bi ta kan siziyom, shi kuma a gurbi na 16 ƙarfinsa yake ƙarewa. Hatsin ya fi mudun kyau. Shi ya sa masana suka koma buga rabon kaɗawar wani agogo a kan na wani, misali itabiyom a kan sitironshiyom, lambar da ba ta buƙatar daƙiƙa ko kaɗan, daga baya kwamiti ya haɗa duka rabe-raben ya fitar da jadawali mai jituwa.

Babban taron awo ya sa ido a kan 2030 don sake fayyace daƙiƙa, ko da ƙwaya ɗaya ta haske, ko da haɗin da yawa. Har yanzu ana tattauna wanne za a ɗauka. Za a zaɓi sabuwar lamba yadda tsawon daƙiƙa ba zai motsa ba, kamar yadda aka yi a 1967, don haka agogon waya da na bango ba za su ji komai ba. Wanda zai ji shi ne siziyom. Lambar nan 9,192,631,770 za ta sauka daga matsayin hukunci ta shiga jadawalin abubuwan da ake aunawa, kusa da rubidiyom, a sa mata ɗigo da wasu gurabe a baya, a rubuta shekarar awo a gefenta, a kuma dawo mata da “sama ko ƙasa da” ɗin da aka goge mata a Faris.